A Ɗaura Wa Babur Lamba Tun A Shago

Babur ɗina a kwali na same shi. Ina zaune kan benci a layin 'yan babura na garinmu yara biyu suka farke kwalin, suka zazzage kayan a kan buhu: ƙafafu daban, kai daban, tanki cikin leda, notuna a ɗan ƙulli. Kafin a kira la'asar sun ɗaure shi tsaf, an zuba masa mai lita ɗaya, bugu biyu ya tashi. Mai shago ya rubuta mini rasit, ya kwafi lambar inji da ta shasi, ya buga hatimi, ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Na ce, "To Alhaji, lamba fa?" Ya dube ni kamar fasfo na tambaye shi. Ya ce, "Malam, lamba kuma? Sai ka ce mota. Hau abinka ka tafi, in ka samu sarari ka yi."

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar ƙauye ranar da take ci, inda ake jera babura a ƙarƙashin darbejiya, ya san zancen. A wurin da aka tanada don lamba, wani hoton ɗan takara ya manna, wani tambarin ƙungiyar ƙwallo, wani ya sa an rubuta masa "Sai Haƙuri", mafi yawa kuwa ƙarfen ne tsirara. Ni ma haka na yi wata bakwai ina zuwa makaranta ina dawowa. Abin da nake so in faɗa a yau gajere ne: kada a ƙara barin sabon babur ya fita daga shago ba lamba, kuma lambar nan da aka ɗaura a jiha ɗaya ta ishe shi shaida a sauran jihohin. Yadda na kai ga wannan ra'ayi shi ne mai tsawo.

Babur ba daga sama yake faɗowa ba. Bajaj da TVS daga Indiya suke zuwa, Jincheng da Haojue da Lifan daga Sin, har waɗanda ake cewa haɗin gida ne yawancin ƙarfensu ta ruwa ya iso. Kwantena ba ta barin Apapa ko Tin Can sai kwastan sun karɓi kuɗin fito. Mai shigo da kaya ya san adadin da ya sauke, babban dila ya san nawa ya ɗora wa tirela zuwa Kano, nawa Sakkwato, nawa Gombe. Kowane babur kuma da lambarsa a wuya, wadda masana'anta ta buga a jikin ƙarfe. Takarda tana biye da shi tun daga wata nahiya har bakin shago. A nan take tsinkewa, daidai ranar da ƙarfe ya zama na wani mutum mai suna da unguwa. Hukuma ta san kwantena sarai. Wanda ke kan sirdi ne ba ta sani ba.

Abin da ya tashe ni daga barci, babur ɗin wani abokin aikina da aka ɗauke a ƙofar masallacin Juma'a. Da ya je kai rahoto aka tambaye shi lamba, ya ce babu. Aka tambaye shi lambar shasi, ya ce tana jikin rasit, rasit kuma yana ƙarƙashin sirdin babur ɗin. Washegari na ɗauki nawa na nufi ofishin da ake yin rajista. Ban gama kafe babur ba wani saurayi mai fayil a hammata ya tare ni: "Baba, lamba ce? Kawo a yi maka, kada ka sha wahalar layi." Na ƙi, na shiga da kaina. A ciki aka ce sai na kawo takardar kwastan. Na koma shago, Alhaji ya yi ta bincike a durowa, ya zaro mini kwafin wani kwafi, rubutu duk ya dushe, takarda ce ta kwantena guda, ba wadda ta ambaci nawa babur ɗin. Na kai, aka ce a dawo jibi, mai duba ta ba ya nan. Malamin makaranta ba shi da jibi da gata na zaryar ofis. Da na fito saurayin nan yana nan inda na bar shi, yana murmushi.

Kwana uku ya kawo mini lamba. Kyakkyawa, rubutu shuɗi, ga taswirar Najeriya, ga takardu biyu masu hatimi. Na ba shi har da na goro.

Shekara biyu ina yawo da ita, gabana gaɗi. Sai ranar da na goya ɗan ƙanena za mu ɗaurin aure a wata jiha maƙwabciyarmu. A wani shinge, wani matashin jami'i ya tsayar da mu, ya gaishe ni da ladabi, ya danna lambar a wayarsa. Ya sake dannawa. Ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan?" Babu ita a rajista ko kaɗan, ƙarfe ne kawai aka buga. A ganinsa, kuma da gaskiyarsa, mutum ne a kan babur mai lambar bogi, rasit ɗinsa na hannu, takardar kwastan ɗinsa ba ta karantuwa. Mun wuni a gindin bishiya sai da wani tsohon ɗalibina da ke aiki a garin ya zo ya tsaya mini. Ɗaurin aure kam, ko goron ba mu tarar ba. A hanyar dawowa wasu masu kaki na daban suka tare mu. Su ba ruwansu da lamba. Tunda na yi goyo, a wurinsu ni ɗan acaɓa ne, ina sitikar jiharsu, ina riga mai lamba? Na ce, "Yallaɓai, ɗan ƙanena ne." Ya ce, "Kowa ma haka yake cewa."

Laifi na farko nawa ne, ban musa ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu masu babura ba mu son doka, an sha gani. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce daga 1 ga Janairun 2009 kowa sai da hular kwano, a Kano har ƙwarya aka riƙa shafa wa fenti ana kifawa a ka, labarin ya zaga duniya muna dariya. To amma a dubi hanyar da aka shimfiɗa wa mai son bin ƙa'ida. Fito na kwastan ne, wato tarayya. Buga lamba da ajiye rajistar ƙasa na hukumar kiyaye haɗurra ne, wadda aka kafa tun 1988. Bayar da lambar da karɓar kuɗinta na hukumar kowace jiha ne. Inshora wata hukuma ce ke yanke farashinta, kuma daga Janairun 2023 ta babur naira 3,000 ce a shekara. A 2023 aka ƙaro takardar shaidar mallaka da ake sabuntawa kan naira 1,000 duk shekara. A Yulin 2024 'yan sanda suka ce za su fara kama wanda ba ya cikin tasu rajistar ta intanet, aka yi ca, suka dakatar. Ƙaramar hukuma ma tana da nata tikiti, alhali jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, da ya lissafa abubuwan hawa da za ta ba lasisi, keke ya ambata da kwalekwale da baro da amalanke. Babur ba ya ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa in ka zauna da shi. Manomin da ya sayar da buhunan waken suya ya sayi babur ƙirar Boksa ba zai zauna da su ɗaya bayan ɗaya ba. Ko ya ba ɗan kamasho, ko ya bar ƙarfen tsirara.

A takarda, lambar Najeriya ɗaya ce. Haruffa ukun farko ne kawai ke nuna ƙaramar hukumar da aka yi ta, KMC birnin Kano, KJA Ikeja. Shuɗin rubutu na gida, ja na haya, kore na gwamnati. Wadda aka yi a Birnin Kebbi ya kamata ta kai mutum Fatakwal. A kan titi kuwa kowace jiha da nata karatun, kuma yawancin karatun nan jini ne ya jawo shi, shi ya sa ba na yi masa dariya.

Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a Oktoban 2006, zamanin da Nasiru El-Rufa'i ke minista. Maiduguri ta hana hawa babur ɗungurungum, na haya da na gida, a Yulin 2011, lokacin da kisa a kan babur ya zama ruwan dare. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013, kwanaki kaɗan gwamnati ta hana goyo, Adaidaita Sahu ta gaji titunan. Kaduna ta hana acaɓa a manyan garuruwanta a 2014, sannan a ƙarshen Satumban 2021 ta ce babur kowane iri ya tsaya na wata uku. A Katsina, dokar da Gwamna Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta hana hawa uku, ta kuma hana sayar da babura na hannu a kasuwar Caranci. Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida a Fabrairun 2020, ta sabunta haramcin a Yunin 2022, waɗanda ta kama kuma niƙe su take yi a gaban kyamara. A Yulin 2022 har Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta ce tana duba yiwuwar hana babur a faɗin ƙasar. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun bi wannan hanya, a Diffa a 2015, a sassan Tillaberi a farkon 2020.

Na yarda gwamna yana da ikon cewa kada a yi haya a titi kaza, ko kada a hau bayan magariba a dajin da ake kashe mutane. Birnin da ya cushe kamar Legas ba zai yi doka ɗaya da Gumel ba. Amma a lura da siffar duk waɗannan dokoki: kowa da kowa suke kamawa. Unguwarzoma da ke zuwa karɓar haihuwa cikin dare, da malamin gona, da mai kai madara gari, da ɗan bindiga, duk tsintsiya ɗaya ke share su. Haka mai doka yake yi in ba shi da hanyar bambance wannan babur da wancan. An bar jaki ana dukan taiki ne saboda ba a san inda jakin yake ba. Kuma babur ɗin da aka kora ba ya ɓacewa, ƙaura yake yi. Na Abuja suka koma Mararaba da Suleja, na sauran wurare suka hau tirela suka yi kudu.

Abin da ya faru a Legas a ƙarshen Agustan 2019 ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Aka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, hotunansu suka cika jaridu suna zaune a ƙasa kamar ɓarayi. Bincike bai gano komai ba, aka sake su. 'Yan ci-rani ne, neman halali ya kai su. Da kowane ɗaya daga cikin baburan nan 48 yana da lamba ta gaske wadda jami'in Legas zai danna a waya ya ga suna da hoto da ƙaramar hukuma, da maganar ba ta wuce bakin titi ba. In Legas ta ce ba a haya a nan, sai ta faɗa musu, wannan dokarta ce. Tambayar "na wane ne" kuwa bai kamata kowace jiha ta sake yin ta daga farko ba.

Wani ɗan ajinmu da ke zaune a Amurka, mai son babura kamar me, ya taɓa ba ni labarin nasu rikicin, na ga ashe ciwon tarayya ne. Can gwamnatin tsakiya ce ke cewa me zai shigo ƙasa, kuma abin hawan da ba a ƙera bisa ƙa'idarsu ba sai ya shekara 25 kafin a bar shi ya shigo cikin sauƙi. Amma lamba jiha ce ke bayarwa, kowace da sharaɗinta. Kalifoniya ba ta yi wa mazauninta rajistar babur ɗin da bai cika ƙa'idarta ta hayaƙi ba in bai yi tafiyar mil 7,500 ba. Vermont kuwa shekara da shekaru tana ba tsofaffin ababen hawa rajista ta gidan waya, ko mutum ba a jihar yake ba, har sai da ta toshe ƙofar a 2023 saboda 'yan damfara sun gano ta. Su ma suna da masu neman jiha mai sauƙi, su ma suna da 'yan kamashonsu. Bambanci ɗaya na riƙe daga hirar: baƙon da ya shigo da lambar wata jiha, ɗan sanda yana dubawa ya ga mai ita, ya bar shi ya wuce. Sai in zama ya zo yi ne za a ce ya sauya.

Shi ya sa na ce a koma shago. Dilolin babura ba su kai masu hawa yawa ba, an san shagunansu, suna da ƙungiyoyi, suna biyan haraji. A ba dila mai lasisi lambobi daga hukumar jiha, kamar yadda ake ba wakilan kamfanin waya layuka. Mai saye ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa, a haɗa ta da lambar shasi, a ɗauki hotonsa, yaran da suka ɗaura ƙafa da tanki su ɗaura lamba da notuna biyu kafin a zuba mai. Maganar takardar kwastan kuma ta zama tsakanin hukuma da mai shigo da kaya, su da suka san kwantena. Me ya haɗa malamin firamare da fiton Apapa? Kuɗin a zuba shi cikin farashi, a rubuta a rasit kowa ya gani. Boksan da bai kai naira 300,000 ba a 2019 yau ya haura miliyan, tun bayan da naira ta faɗi a 2023. Wanda ya iya tara wannan, ba kuɗin lamba ne zai gagare shi ba. Zarya ce ke korar mutane, da rashin sanin nawa ne ainihin kuɗin.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a majalisarmu ta bayan isha'i: ɗan bindiga zai kawo katin ɗan ƙasa ya yi rajista? Ba zai kawo ba. Wani ma ya tuna mini cewa tun 2011 ake rajistar layukan waya, tun ƙarshen 2020 ake haɗa su da lambar ɗan ƙasa, amma har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa. Wannan magana ta zauna, ba ni da abin ture ta gaba ɗaya. Rajistar da ba mai buɗe ta ya duba, tara takarda ce kawai. Sai dai babur ba layin waya ba ne da za a tauna a tofar. Ƙarfe ne mai lamba a wuya, kuma kowa ya ji yadda masu garkuwa ke haɗawa da sababbin babura cikin abin da suke nema a kai musu daji. Waɗannan a shago ake sayensu, da rana tsaka, da rasit. In sojoji suka ƙwato babura a sansani, yau ba abin da za a yi da su sai ƙonawa ko jerawa a ɗauki hoto. Da akwai rajista daga shago, kowane ɗaya zai faɗi dilan da ya sayar da shi da ranar da wanda ya karɓa. Ba zai kawo ƙarshen ta'addanci ba. Zai sa mai sayar wa daji babur ashirin a tashi ɗaya ya yi tunani.

Inda abin ya fi wuya shi ne tsofaffin da ke kan hanya, waɗanda sun wuce hannu uku ko huɗu. A wurinmu cinikin babur na hannu rasit ne da shaidu biyu da dillali, wani lokacin rasit ɗin ma ya jiƙe a damina ya narke. Ga kuma na bakin iyaka. Mutumin Jibiya da ke da 'yan uwa a Ɗan Isa da Maraɗi, ko na Illela da ke cin kasuwar Ƙonni, ko na Maigatari, babur ɗinsa ta inda ya fi araha ya shigo, kuma ba ranar da zai kawo takardar fito. In aka ce sai da ita, an rufe masa ƙofa ke nan har abada, ya ci gaba da yawo ba lamba. Gara a yi afuwa ta wani lokaci: a kai rajista kasuwannin mako, mai unguwa ko dagaci ya shaida cewa na wane ne, a duba shasi ba ya cikin na sata, a karɓi kuɗi kaɗan a ba shi lamba. Kwastan za su ce an halatta fasa-ƙwauri. Fiton da ba a karɓa ba shekara takwas da suka wuce ba zai dawo ba ko an ƙi. Sanin mai babur ɗin kuwa ana iya samunsa gobe.

Gwamnonin Arewa maso Yamma suna da zaurensu, suna haɗuwa a kan tsaro. Ban ga abin da zai hana su amince wa juna a kan abu ɗaya ba: babur mai lambar gida ta gaske, daga kowace jiha ya fito, kada a tambaye shi sitika ko riga. Izinin haya kowace jiha ta riƙe nata, ta rubuta shi a allo a bakin iyakarta, da Hausa, yadda mai shigowa zai karanta kafin ya faɗa hannu.

Ni dai daga baya na ɗauki hutun kwana biyu na yi tawa lambar ta gaske, da hannuna, na danna ta a waya na ga sunana ya fito. Ta bogin tana nan, mai ɗakina ta toshe ramin akurkin kaji da ita. Watan jiya ɗan ƙanen nan nawa, wanda muka wuni tare a gindin bishiya, ya tara kuɗinsa na ɗinki ya ce in raka shi. Shagon nan dai muka koma. Alhaji ya yi furfura, yaran da ke haɗawa wasu ne daban, rasit ɗin kuwa irin na da ne. Da aka buga babur ya tashi na buɗe baki, sai Alhaji ya riga ni: "Malam, har yanzu kana nan da zancen lambar nan?" Yaron ya ce, "Baffa, sati mai zuwa zan je, in sha Allahu." Ya ja abinsa ya hau titi, ledar sirdi ko cirewa bai yi ba. Yau sati biyar ke nan.